Kafin Ka Sa wa Kan Kekenka Zarto

Ƙannena da 'ya'yana, tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka cire tallafin man fetur, keke ya dawo titunanmu da ƙarfinsa. Wanda ya jingine nasa a bayan ɗaki ya karkaɗe masa ƙura ya kai wa mai faci. Ɗalibi da ƙaramin ma'aikaci da yaron shago duk sun yi lissafi, sun ga kuɗin motar zuwa da dawowa na 'yan watanni ya isa sayen keke na hannu. Mutanen Maiduguri sun riga kowa, domin tun 2011 da aka hana hawa babur a garin suka rungumi keke, babba da yaro. Wannan dawowa ta yi mini daɗi ƙwarai. Keke ba ya shan mai, ba ya hayaƙi, yana gina jiki, kuma yaron da ya mallaki nasa ya huta da roƙon kuɗin mota kullum safiya.

Sai dai titin da kuka tarar ba shi ne wanda kakanninku suka tuƙa Raleigh da Phoenix a kansa ba. A zamaninsu, a Kano, mai keke zai tashi daga Fagge ya nufi Bompai, motocin da zai haɗu da su ba su da wani yawa, kuma tun daga nesa ake hango shi. Kai kuwa da za ka bi ta Bata ko Kwari ko Ƙofar Mata da yamma, kana tsakanin Adaidaita Sahu da bas da mai kura da mai baro da tifar yashi, kowa yana kutsawa. Tun da aka hana acaɓa a Kano a farkon 2013, masu ƙafa uku suka cika ko'ina, kowanne da faɗinsa wajen mita ɗaya da santimita 30, kuma titi mai layi biyu yakan koma mai layi huɗu ba tare da an ƙara masa ko taku ɗaya ba. A irin wannan wuri, santimita goma a faɗin kekenka ba ƙaramar magana ba ce.

Na lura da yadda matasa suke sayen keke. Za su matsa taya da babban yatsa, su ɗaga gaba su juya gargare su ga ko yana rawa, su damƙe birki, su duba sarƙa, sai a shiga ciniki. Da wuya ka ga wanda ya tsaya ya buɗe hannuwansa a kan keken ya tambayi kansa ko wannan faɗi ya dace da ƙirjinsa. Alhali kan keke shi ne wurin da ya fi ko'ina faɗi a jikin keken, shi ne yake fara shiga kowace kafa, kuma da shi kaɗai kake gaya wa tayar gaba inda za ta nufa.

Yawancin kekunan gwanjo da ake shigo da su daga Turai da Amurka, masu kaurin taya da giya barkatai, an ƙera su ne domin hawan dutse da gangara cikin daji. Sababbin ƙirarsu sukan zo da kai mai faɗin santimita 72 har zuwa 80. Wannan faɗi yana da dalili a inda aka yi shi dominsa: mai gangarowa daga tsauni, duwatsu suna fizgar tayarsa dama da hagu, yana bukatar dogon hannu da zai danne ta. Keken tsere mai lanƙwasasshen kai kuwa yakan tsaya tsakanin 38 da 44, saboda mai shi iska yake so ya keta. Keken gari na tsakaninsu, kusan 55 zuwa 62. Matsalar ita ce mu duk a titi ɗaya muke hawansu, kuma mai sayarwa ba zai tambaye ka ko daji za ka ko kasuwar Singa ba.

Bari in fara da mai faɗi da yawa. Ka tsaya da kekenka kusa da ƙaramar mota ka duba: bakin kan keken da madubin gefen motar kusan tsayinsu ɗaya ne daga ƙasa. Wato duk madubin da ke kan titi yana jiran hannunka. Mutane suna ɗauka cewa idan bakin kai ya gogi wani abu, ɗan girgiza kawai za a yi a wuce. Ba haka abin yake ba, kuma ina so ku fahimci yadda yake faruwa, domin wanda ya fahimta ba zai ƙara wasa da shi ba. A Najeriya, tun 1972, a hannun dama muke tuƙi, don haka mai keke yana gefen dama, motocin da aka ajiye suna damansa, masu gudu suna hagunsa. Idan bakin dama ya bugi madubin motar da ke tsaye, za a tura shi baya, tayar gaba ta juya dama farat ɗaya. Keken ya fice daga ƙarƙashinka zuwa dama, jikinka kuma yana nan a kan tafiyarsa, sai ka faɗi hagu, cikin motoci. Idan kuma mota ce ta zo daga baya ta taɓa bakin hagu, za ta tura shi gaba, tayar ta sake juyawa dama, ka sake faɗuwa hagu, daidai inda tayoyin bayan motar za su bi. Ko ta wane gefe taɓawar ta zo, faɗuwar ta ɓangaren titi ce. Abu ne na ƙiftawar ido, ba ya ba ka damar sa ƙafa.

Bayan wannan akwai wahalar jiki. Yaro ɗan shekara goma sha huɗu a kan kai mai santimita 78, hannuwansa a baje, ƙirjinsa ya faɗo gaba, wuyan hannunsa a karkace, kafin ya kai makaranta kafaɗunsa sun yi tsami. Idan zai yi kwana mai tsanani, hannun da ke waje sai ya miƙe iyakar miƙewa, yatsunsa su bar birki. A nan ina da magana da iyaye da yayye masu sayen keke babba su ce yaro zai girma ya tarar da shi. Riga ce ake yi wa haka. Keken da ya fi ƙarfin yaro yau, yau ɗin zai kayar da shi.

To, da matasa suka ga faɗi yana hana su kutsawa, sai wasu suka ɗauko zarto. Wannan yayi ba a nan aka fara shi ba. Masu kai saƙo a kan keke a biranen New York da Landan, waɗanda ake biyansu gwargwadon yawan saƙon da suka isar, su suka shahara da datse kan keke har ya rage abin da bai wuce wurin ɗora tafin hannu biyu ba, don su ratsa tsakanin tasi da bas. An ɗauki bidiyonsu, ya yaɗu, yanzu yana cikin wayar kowane yaro. Abin da bidiyo ba ya nunawa shi ne titinsu shimfiɗaɗɗe ne, motocinsu mafi yawa suna tsayawa cikin layi, kuma su kansu masu sana'ar suna jin raunuka ba kaɗan ba. Wanda ya karye ba a sa masa kiɗa a yaɗa.

Gajeren kai yana cutar da mai shi ta hanyoyin da ba a ganewa sai an shiga cikinsu. Duk wanda ya taɓa kwance noti ya san doguwar sifana ta fi gajera ƙarfi, kuma ƙa'idar ke nan a nan ma. Idan tayar gaba ta faɗa rami, ko ta shiga yashin da ruwan damina ya tara a gefen titi, ko ta hau bakin kwalta a karkace, za ta nemi ƙwacewa. Mai kai na daidai zai riƙe ta da ƙarfin da bai kai ya kawo ba. Mai gajeren kai sai ya yi kokawa da ita, kuma sau da yawa ita ke yin nasara. Ga shi kuma ɗan motsin hannu kaɗan yana juya tayar da yawa, don haka da ka waiwaya baya, ko ka saki hannu ɗaya don nuna za ka yi kwana, keken ya fara tangaɗi. Na ga samari da yawa da suka daina ba da hannu gaba ɗaya saboda keken ba ya yarda a sake shi, su kuwa direbobin da ke bayansu ba su san gaibu ba. Hawan gada ma, irin ta Ƙofar Nassarawa, inda mutum yake so ya miƙe tsaye ya taka feda da nauyinsa, sai da abin ja a hannu.

Akwai kuma wata asara da ta fi waɗannan. Sa mai dogon ƙaho ya san ƙofar da zai shiga, domin inda ƙahonsa ya wuce, jikinsa zai wuce. Muddin kan kekenka ya fi kafaɗunka faɗi, to yana gabanka, idonka yana ganinsa, yana auna maka kowace kafa kafin jikinka ya isa. Ranar da ka datse shi ya gaza kafaɗa, ka zubar da ma'auninka. Yanzu gwiwar hannunka da kafaɗarka da jakar da ke bayanka su ne suka fi faɗi, kuma ba ka ganinsu. Kan zai shige lafiya, ka bi shi da gudu, ƙugiyar bodin mota ta kama hannun rigarka. Zarto ƙarfe kawai yake ragewa, ƙashin kafaɗarka yana nan yadda Allah ya yi shi.

A gaskiya abin da ya fi damuna ba ƙarfen ba ne, tunanin da yake haifarwa ne. Wanda ya datse kan kekensa don ya shiga matsi, zai fara neman matsin. Kowace 'yar kafa tsakanin motoci biyu sai ta riƙa kiransa. Amma kafar da ke cikin cunkoso ba ƙofar gini ba ce, tana buɗewa tana rufewa. Direban bas ya ɗan murza sitiyari don ya kauce wa rami, tazarar da ta kai mita ta koma kamu ɗaya, kai kuma kana tsakiya. Keke mai tafiyar kilomita 20 a awa yana cin fiye da mita biyar a daƙiƙa ɗaya. Kafin idonka ya gani, kwanyarka ta yanke shawara, yatsunka su damƙe birki, ka riga ka wuce tsawon mota guda. Tambayar da ta kamata ka yi wa kanka a bakin kowace kafa ba wai "zan shige?" ba ce, ita ce "idan ta rufe ina ciki, ina zan nufa?" In babu amsa, sa ƙafarka ƙasa ka jira. Sauri ya haifi nawa.

Wuri ɗaya ne zan ce muku kada ku shiga ko da kan kekenku bai wuce tsinke ba: gefen dama na tirela ko tanka ko tifa, musamman kusa da kwana ko shataletale. Direban yana zaune can sama a hagu, kuma akwai yanki babba a damansa da ƙasan gabansa da madubi ba ya nuna masa. Idan zai yi kwanar dama, yakan fara buɗewa hagu don ya sami fili, sai ka ga wata kyakkyawar hanya ta buɗe a damansa kamar an share maka. Tarko ne. Da kan motar ya karya, tayoyin baya ba sa bin sawun na gaba, suna yanko kwanar ta ciki, su share duk abin da ke wannan fili. Mai keke ba shi da wurin gudu, ga kwata ko dakalin titi a damansa. Masu bin hanyar Dawanau da titin Zariya da Hotoro, ku kuka fi haɗuwa da waɗannan manyan motoci, ku riƙe wannan da kyau. Ka tsaya a bayanta da tazara, inda idan ka ɗaga kai za ka ga fuskar direba a madubinsa. In ba ka ganinsa, shi ma ba ya ganinka.

Ɗan sahu kuwa idonsa yana kan masu tsayuwa a bakin titi. Da wata ta ɗaga hannu zai yanko dama ya taka birki, ba don mugunta ba, abincinsa ke nan. Kada ka manne masa a baya, kada kuma ka bi ta damansa yana rage gudu, domin ta nan fasinja zai zuro ƙafa. Haka motar da aka ajiye: ƙofarta idan an wangale ta takan kai kusan mita ɗaya. Duk motar da ka hango kan mutum a cikinta, ka ɗauka yanzu zai buɗe.

Yanzu ga yadda za ka san naka faɗin. Tsaya a gaban bango, ka ɗora tafukan hannunka a kai kamar za ka ture shi da ƙarfi, ba tare da ka yi tunanin inda za ka sa su ba. Jikinka da kansa zai zaɓi wurin da ya fi ƙarfi. Ka sa wani ya yi alama da gawayi a wajen ƙaramin yatsa na dama da na hagu, a auna da tef ɗin tela. Abin da ya fito, ko ƙasa da shi kaɗan, shi ne naka. A ganina, namiji baligi mai matsakaicin jiki da ke yawo cikin gari, miƙaƙƙen kai mai santimita 56 zuwa 62 ya ishe shi, wato inci 22 zuwa 24 a awon teloli. Yara da 'yan mata masu ƙaramin jiki za su sauko ƙasa da haka. Ƙa'idar dai kada ya gaza faɗin kafaɗunka da rigarka a jiki, ya ɗan ɗara su ta kowane gefe.

Idan naka ya zarce haka nesa, rage shi ba laifi ba ne, ni ma shi nake ba da shawara, amma a yi shi da hankali. Kada ka fara da yanka. Ka sa mai gyara ya sassauta hannun birki da na giya, ya matsar da su ciki kamar santimita biyu kowane gefe, ka riƙa riƙewa a sabon wurin har mako guda. Ka hau gada da shi, ka shiga yashi, ka saki hannu ɗaya ka waiwaya. In ka ji daidai, sannan a zare robar riƙo, a auna daga kowane baki daidai wa daida, a zagaye da alama, a yanka a miƙe da zarton ƙarfe, a goge kaifin da magagari. Ka tabbata an bar wurin da robar riƙo da hannun birki za su zauna a kan miƙaƙƙen ƙarfe, domin wajen tsakiya kan yana yin kauri yana lanƙwasa, birki ba ya ɗauruwa a can. A rage kaɗan kaɗan. Abin da aka yanke ba ya dawowa, kuma kada ka yarda mai walda ya ce zai yi maka ƙari. Kan da aka yi wa walda yana iya ɓallewa a ranar da ka fi dogara da shi.

Sannan a toshe bakin. Wannan ƙaramin abu ne da kusan kowa yake rainawa. Ka zaga wurin ajiye kekuna na kowace makaranta, za ka ga robobin riƙo sun cinye, bakin bututun ƙarfe a waje, wani har da tsatsa. Idan yaro ya faɗi, kan keken yakan juya ya tsaya, cikinsa ya sauka a kan wannan baki da duk nauyinsa. Likitocin yara sun san irin wannan rauni: a waje ɗan zagayen shaida ne kawai a fata, a ciki kuwa saifa ko hanta ko hanji ya fashe. Yaron zai tashi ya karkaɗe riga ya tafi gida, sai bayan awoyi ciwon ya tsananta. Duk wanda kan keke ya soka a ciki, a kai shi asibiti ko da ya ce ba komai. Sabuwar robar riƙo mai rufaffen baki kuɗinta kaɗan ne, in ma babu, a fafe guntun itace a cusa.

Masu tsohon keke irin na iyayenmu, mai birkin sanda, ku bar shi yadda yake. Hannun birkinsa a jikin kan aka ɗaura shi, ba ya matsuwa, kuma waɗanda suka ƙera shi sun riga sun gama lissafi. Kansa ya lanƙwaso baya ya tarbi hannu, mai shi yana zaune a miƙe, yana hango abin da ke gaban motar da ke gabansa. Samari suna raina shi, amma don zirga-zirgar gari da ɗaukar kaya har yau ban ga wanda ya fi shi hankali ba. Abin lura a kansa shi ne kaya. Jarka biyu a gefen kariya, ko buhu a gicciye, ko damin rake, sun fi kan faɗi, kuma suna bayanka. Ranar da ka yi lodi, faɗinka ya canza, sai ka canza tafiya. Kada kuma ka rataya leda mai nauyi a kai, tana lilo tana jan taya, wata rana ta shige cikin wayoyin gargare. Mai jallabiya ko dogon hijabi ya tattare shi kafin ya hau.

Wani zai ce, to in ban matse ba, ai ba za a bar mini hanya ba. Abin da na gani akasin haka ne. Mai keken da ya lafe a bakin kwata yana gayyatar direba ya wuce shi ba tare da ya kauce ba, sai a goge shi, ga shi ba shi da inda zai matsa. Wanda ya bar kamar mita ɗaya tsakaninsa da gefen titi, yana tafiya a miƙe ba ya shiga yana fita, yana ba da hannu tun da wuri, direba yana ganinsa a matsayin abin hawa, dole ya rage gudu ya zagaye shi. Ka bi hannunka, kada ka tari motoci gaba da gaba don gajerta hanya. Ka cire abin sauraron waya daga kunne, domin kunnenka shi ne madubinka na baya. Da magariba ka sa fitila fara a gaba, ja a baya.

Ƙasashen da suka ɗauki ran mai keke da muhimmanci sun mayar da tazara doka. A Jamus, tun 2020, direba ba zai wuce mai keke a cikin gari ba sai ya bar masa mita ɗaya da rabi, a wajen gari mita biyu. Birtaniya ma ta sa mita ɗaya da rabi a ƙa'idojin hanyarta a 2022. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ce abin ya fi yi wa ɓarna.

Na san da yawa daga cikin masu karanta wannan ba keke suke hawa ba, Adaidaita Sahu suke ja, ko suna koyon mota a hannun maigida. Ku ma da ku nake. Yaron nan da ke gabanku da jakar makaranta a baya, idan kuka taɓa bakin kan kekensa ko da kaɗan, ƙarƙashin tayarku zai faɗo. Don Allah ku sassauta totur, ku jira hanya ta buɗe, ku ba shi mita ɗaya da rabi ku wuce.